Laifin Makirfo Ne

Shafi na 23

Masu turo min saƙo kuna cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri. Ni ma mutum ce, ga aiki ga rashin wuta, da babban yatsa ɗaya nake buga muku wannan. Wadda ta ce in Haggai ya sake yi wa Joyce tsawa za ta daina karantawa, 'yar uwa ki daure ki kai ƙarshen shafin nan tukuna.

*

"Gwaji, gwaji. Kofur Haggai ke magana."

Haggai ya tsayar da naɗin, ya gyara zaman hedifon a kunnensa, ya danna don ya ji abin da ya naɗa. Muryarsa ta fito can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya.

Ya ja tsaki, ya jingina da kujera.

Tun da aka sallamo shi daga asibiti, bayan nakiya ta tashi da motarsu a filin daga, kwamfutar nan ce abokiyar hirarsa. Da hannunsa ya haɗa ta. Akwatin a nan Zuru ya saya, kayan ciki kuwa direbobin bas suka riƙa kawo masa ɗaya bayan ɗaya daga Kontagora da Kaduna. Da ita yake shiga wasan yaƙi da abokan aikinsa da ke bariki, wannan ya tsare gabas wannan ya tsare yamma, ana harbi ana ba juna umarni ta makirfo. A nan kaɗai yake jin har yanzu shi soja ne.

To yanzu makirfon ya ƙi. Abokan sun rubuto har sun gaji: "Kofur, ba ma gane abin da kake faɗa, ka gyara kayanka." Wasan shekaranjiya ma ba wanda ya neme shi.

Ranar Litinin kuma zai tsaya gaban likitocin soja, su duba shi, su ce ya koma aiki ko ya tuɓe kaki. Ƙafa ta warke, haƙarƙari ya haɗe. Shi a wurinsa magana ta ƙare, makirfo kaɗai ya rage masa matsala a duniya.

Joyce, matarsa, ta shigo da kwanon tuwo. Ba ta ajiye a gefe ba, sai da ta zagayo ta tsaya tsakaninsa da allon kwamfutar, ta kalli tsakiyar idonsa.

"Abincinka ya huce," ta faɗa da ƙarfi.

"Na ce ki daina ɗaga min murya."

"Ban ɗaga ba."

"Kin ɗaga. Ga jijiyar wuyanki nan ina gani. Tun da na dawo da sanda kika koyi tsaya min a ka, kina min magana kamar kina kiran akuya. Da can haka kike?"

Ta ajiye kwanon a gefen tebur.

Ni dai Joyce tausayi take ba ni. Yarinyar da Haggai ya sha rana yana noman golmo, wato noman neman aure, a gonar ubanta kafin a ba shi ita, wadda in tana magana sai ka matso kake ji, yau ita ce mai faɗa a bakin 'yan unguwa. Duk ta rame, idanunta sun faɗa, kuma ba ta da wanda za ta kai wa ƙara.

A bakin ƙofa aka yi sallama. Aka sake. A ta uku Joyce ta taɓa kafaɗar mijinta ta nuna masa ƙofa.

Muntasir ne, abokinsa tun firamare, wanda tun farko ya koya masa haɗa kwamfuta. Aiki ya riƙe shi a Birnin Kebbi, rabonsu da haɗuwa tun Haggai na kwance.

"Kofur, tun ɗazu nike sallama, ko sai an buga maka bigila?"

"Hedifon ne a kunnena. Shigo, kai nake jira."

Hedifon ɗin kuwa yana kan tebur. Muntasir ya gani, bai kawo komai a ransa ba. Ya gaida Joyce, ya ja kujera.

Bai gama zama ba Mama Margaret, mahaifiyar Haggai, ta bar shanyar dawarta a tsakar gida ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Haka take yi duk ranar da baƙo ya shigo wurin ɗanta.

"Mama, ina wuni. Mun same ku lahiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ka duba masa abin nan ka tafi, ba ya son dogon surutu."

Muntasir ya juyo ya fuskanci abokinsa.

"To mi ya samu makirfon?"

"Murya ba ta fita. In na naɗa na saurara, sai ka ce sauro."

"Ka ƙara ƙarfinshi a saiti?"

"Har ɗari. Akwai wani ƙarin a ƙasansa, shi ma na kai shi ƙarshe."

"Wace kafa ka soka shi? Kada dai ka sa shi a koriya, ta lasifika."

"Ni za ka koya wa? A mai ruwan hoda yake. Na cire daga gaba na mayar baya, duk ɗaya. Na goge manhajar sauti na sake saukewa, data ta ƙare a kai. Na aika an sayo min wani sabo mai USB, shi ma kanwar ja ce."

"Bari in gani."

Muntasir ya durƙusa bayan akwatin, ya kwance murfin gefe, ya haska da fitilar wayarsa. Daga can ya yi tambaya.

"Wagga siririyar waya da ta taho daga gaba zuwa babban fanel ɗin ciki, ka taɓa cire ta?"

Ya sake tambaya.

"Kofur, ka taɓa cire ta?"

Haggai yana ta jan linzamin kwamfuta, idonsa a kan allo.

Joyce ta yi sauri ta zagayo gabansa. "Ya ce ka taɓa cire siririyar wayar?"

"Na cire na mayar, tana zaune daram. Ke kuma wa ya sa ki tafinta?"

Muntasir ya ɗago kai a hankali. Ya kalli Joyce, ta kawar da ido. Ya mayar da murfin, ya dawo kujera.

"Yi magana in gani."

"Gwaji, gwaji."

Koren layin da ke auna ƙarfin murya a allo ya zabura ya bugi ƙarshe, har ya koma ja.

"Ga shi yana cikawa har yana zuba," in ji Muntasir.

"Ƙarya yake yi. Ba tun yau ba yake wannan tsallen. Sa a kunnenka ka ji."

Muntasir ya sa hedifon. Haggai ya danna.

Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba Muntasir ya fizge shi ya yar a kan tebur, ya dafe kunnuwa da hannu biyu.

"Innalillahi."

Daga inda hedifon ya faɗi, muryar Haggai na ta fita a fashe, tana karkarwa kamar lasifikar masu tallan magani ranar kasuwa. Har tsakar gida ana ji.

"Ka ji ko?" in ji Haggai. "Ka ji yadda take can ƙasa?"

Muntasir ya buɗe baki. A bakin ƙofa Mama Margaret ta ɗora yatsa a leɓe, tana girgiza masa kai, idonta na roƙo. Ya rufe bakin.

"Eh. Akwai 'yar matsala."

"Na faɗa musu. A gidan nan an ɗauka hauka nake."

Muntasir ya juya fuska ga allo kamar mai duba saiti, ya ce da muryar da kowa ke hira da ita, "Kofur, makirfonka lahiya lau shike. Ƙarfi ya yi mai yawa, shi ya sa ba su gane ka."

Haggai bai ko motsa ba. Yana kusa da shi, gwiwa na taɓa gwiwa.

Gumi ya tsattsafo wa Muntasir a goshi. Da ya san abin da zai tarar ke nan, da ya yi zamansa a Birnin Kebbi.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Allo ya yi baƙi, fankokin cikin akwatin suka yi ta juyi har suka tsaya. Ɗakin ya yi tsit.

Haggai ya ɗaga yatsa.

"Yawwa, ga ɗayar matsalar. Ka ji wannan ƙarar? Siririya, fiii, kamar gyare. Akwatin wutar nake zargi."

Muntasir ya kalli mataccen allon.

"Kofur, an ɗauke wuta."

"Na gani. Amma ƙarar..."

Ya tsaya.

"Janaretan maƙwabta ne," in ji Mama da sauri, da ƙarfi, ta shigo har gabansa. "Ni ma ina ji. Ko ba haka ba, Joyce?"

Haka ake yi kullum. Da dare a ce gyare ne, da rana a ce fanka ce, in ba wuta a ce janareta. Duk wanda ya tambaya a gidan sai ya ce shi ma yana ji. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma Joyce ta kai bango.

Ta zo ta tsaya inda zai ga fuskarta.

"Ba na ji."

"Joyce," in ji Mama.

"Ba na ji, Mama. Ban taɓa ji ba. Ke ma ba ki taɓa ji ba. Maƙwabtan ma sun sayar da janaretan tun kafin damina."

Mama ta juya wa ɗanta baya, ta koma yarensu na C'lela, tana yi wa surukarta magana da sauri, ƙasa-ƙasa. Joyce na mayar mata, hawaye na zuba.

"Me kuke cewa?" in ji Haggai.

Ba wanda ya kula shi.

"Na ce me kuke cewa? Ku juyo in ga bakinku."

Maganar ta fita kafin ya auna ta. Shi da kansa ya ji abin da ya faɗa. Ya kai hannu a hankali ya taɓa kunnensa na dama, sannan na hagu.

Mama ta juyo. A take ta tsufa.

"Zauna, Haggai."

"A zaune nake."

"Ranar da za a sallamo ka, likita ya kira ni gefe. Ya ce ƙarar nakiya ta taɓa kunnen. Ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila ya ci gaba da raguwa."

"Ni bai faɗa min ba."

"Ya faɗa, kana kallon bango. Da na ga ba ka ji ba, na ce masa ya bari ni zan faɗa maka a gida."

"Shi ne kika faɗa?"

"Ta yaya? A motar da ta kawo mu ka ce in ba za ka sake sa kaki ba, gara da an bar ka can. Da kunnena na ji. Ubanka soja ya mutu, kakanka soja ya mutu, na san irin zuciyarku. Sai na tara mutanen gida na ce kowa ya yi maka magana da ƙarfi, kowa ya tsaya a gabanka, har Allah ya kawo sauƙi."

"Man da kike ɗiga min a kunne fa? Kika ce na ciwon kai ne."

Ta sunkuyar da kai.

"Litinin kawai nake so ta wuce," in ji ta. "Ka iya karanta baki, kai ba ka ma sani ba. In sun tambaye ka, ka kalli bakinsu ka ba su amsa."

"Mama," in ji Muntasir a hankali, "ba haka aka yi ba. Na'ura suka sa ma mutum a kunne, ba baki aka kallo ba."

"To a ce ma ta wuce," in ji Joyce. "A ce sun sa hannu. Su mayar da shi daji, a ce kowa ya kwanta shi yana tsaye? An ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Wanda bai ji ba fa, Mama?"

"Ke ba ki haifa ba, ba za ki gane ba."

Joyce ta yi wani murmushi mai ciwo, ta share ido da bakin zane. Ta juya ga mijinta.

"Kofur, na gaji. Wallahi na gaji. Maƙogwarona ciwo yake kullum. A coci matan zumunta sun zaunar da ni, wai in ji tsoron Allah in daina yi wa miji mara lafiya tsawa. Mai shagon bakin layi in na wuce sai ya ce ga kwamanda. Kai kuma ka ce na raina ka don ka dawo da sanda. Na yi shiru saboda Mama ta roƙe ni. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

Haggai ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya girgiza kai.

"Ƙarya ne. Ina jin harbi a wasan nan. Ina jin ganga a coci. Babur in ya wuce ina ji."

Muntasir ya matso gabansa, ya ɗaga murya kamar yadda ya ga ana yi.

"Manyan ƙara ne waɗannan, mutumina. Maganar mutane ita ce ka ɓace ma. Muryarka da ka naɗa, kai ne ba ka jin ta. Kana ƙara ƙarfi tana fashewa, su kuma can suna cewa ba su ganewa, kai kuma kana ƙara ƙarawa."

"Kai ma sun saye ka."

"Yau na shigo gari."

Haggai ya miƙe. Ƙafar da ta warke ta ɗan yi rawa, ya dafa tebur. A jikin bango kakinsa na rataye cikin leda, ya sha guga, takalma na ƙasa suna sheƙi. Kullum da safe sai ya goge su, ko da ba inda za shi.

Ya je ya tsaya gaban kakin, ya juya musu baya.

"To mu gwada. Joyce, tsaya inda kike. Ki faɗi wani abu da muryarki ta da, wadda na sani kafin in tafi. In na maimaita abin da kika faɗa, kowa ya fita min daga ɗaki, laifin makirfo ne, kuma Litinin ina tafiya."

"In ba ka maimaita ba fa?" in ji Muntasir.

Bai amsa ba. Ba a san ko ƙi ya yi ba, ko bai ji ba.

Joyce ta tsaya tana kallon ƙeyarsa.

Akwai maganar da take ɗauke da ita tun kwanaki, irin wadda ba a faɗa da ƙarfi, balle a gidan da uwar miji take tsakar gida. Ta taɓa faɗa masa sau ɗaya, yana kwance ya ba ta baya, da 'yar muryarta. Bai ce uffan ba. Ta kwana biyu tana kuka a ɓoye, ta ɗauka ba ya so ne, kafin ta gane ko isa kunnensa maganar ba ta yi ba. Tun daga nan take neman ranar da za ta sake faɗa, ranar ba ta zo ba. Ta yaya mace za ta tsaya a kan mijinta ta kwarmata wannan, unguwa na ji?

Ta kalli Mama. Ta kalli Muntasir. Kunya ta kama ta, amma gajiya ta fi kunyar ƙarfi.

"Haggai," ta ce, da muryar nan tata mai sanyi. "Ina da ciki."

Mama ta dafe ƙirji. Muntasir ya sunkuyar da kai yana kallon siminti.

Haggai yana tsaye ƙiƙam, kafaɗu a miƙe kamar a fareti.

Joyce ta matsa taku ɗaya, ta ɗan ƙara murya.

"Ina da ciki, Haggai. Za ka zama uba."

Mama ta zauna a bakin gado, ta rufe baki da mayafi. Ita da ta ce yarinyar ba ta haifa ba.

A daidai lokacin wayar Haggai ta ɗauki ƙara a kan tebur, kusa da makirfon. Kiɗan fareti ne ya sa mata, kuma ƙarfinta a ƙarshe yake kamar komai nasa. Sunan ya fito a fuskar wayar: Saje Dominic. Shi ne ya yi alkawarin zai kira ya faɗi lokacin da likitoci za su gan shi ranar Litinin.

Wayar na ta kuka, tana zagaya a kan tebur. Mutum uku suna kallonta, ba wanda ya iya miƙa hannu.

Haggai bai juyo ba. Ya gyara tsayuwa, ya ɗan karkata kai gefe, ya miƙa kunnensa na dama.

"To ki yi magana mana, Joyce," ya ce. "Ke nake jira."